Shekarar da Na Hana Mama Shuka

Kawu Saje ya rasu da bazara, ana tsakiyar zafi, shekaru kaɗan bayan an gama yaƙin basasa. Ƙanen mahaifiyata ne. Ya daɗe a soja, ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu da akwatin ƙarfe biyu da mace ɗaya, ya gina ɗaki biyu masu rufin kwano a ƙauyenmu da ke bayan dutse, tafiyar kamar awa ɗaya a keke daga Zuru. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da gama jami'a a Zariya ba, ina koyarwa a wata sakandare cikin gari. Duk danginmu ni kaɗai na kai can, kuma ina jin wannan ne ya jawo mini abin da zan faɗa.

Kwana uku bayan jana'iza fasto ya kira ni gefe, ya miƙo mini ambulan mai ruwan ƙasa. Wasiyya ce, an buga ta da tafireta cikin Turanci, da sa hannun Kawu da na faston da na wani tsohon soja abokinsa. Ba ta da tsawo. Kakinsa da lambobinsa na yayansa ne, wanda muke kira Kawu Babba. Rediyo ta mahaifiyata ce, keke na coci. Gida da rumbu da awaki da gonar bakin rafi ya bar wa matarsa. A ƙasa kuma ga sunana, tare da wata kalma da sai da na koma gida na duba ƙamus kafin na tabbata da nauyinta. Ni ne wasiyyi, wato wanda zai tsaya ya ga kowane abu ya isa hannun wanda aka ambata.

Ina tsammanin ya zaɓe ni ne don abu biyu. Na iya karatu, sannan ni ɗan 'yar'uwa ne, a al'adarmu ba ni da ko taki ɗaya a ƙasar kawunnena, ba wanda zai ce kwaɗayi ya kawo ni. Ko ya san irin tsoron da ke cikina, ban sani ba. Da ya sani, kila da ya nemi wani.

Matar tasa Mama nake ce mata, ita kuma Ticha take ce mini. 'Yar Gabas ce, a ƙarshen yaƙi ya zo da ita, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya faɗi yadda suka haɗu ba. Ba su haihu ba. Hausarta ta bariki ce, mai sauri, ba ruwanta da namiji ko mace a magana. C'lela kuwa, yarenmu, gaisuwa kawai ta iya, sai zagi, wanda ta ce shi aka fara koya mata a rafi. Amma ta iya noman dawa kamar a nan aka yanke mata cibiya. Shekarar da ƙafar Kawu ta tsananta, ita ta yi noman farko da maimai kusan ita kaɗai, shi yana zaune kan kututture yana ba da oda kamar a fareti.

Gonar ita ce abin magana. Kawu Saje ne ya sare dajin da hannunsa bayan ya dawo, da izinin mai gari, don haka yake ganin tasa ce ta kansa, yana iya ba wanda ya so. Kawu Babba kuwa cewa yake wurin saurar mahaifinsu ce, tun suna yara an taɓa noma ta, ƙasar gida ce, ba ta fita zuwa hannun mace, balle macen da ba ta haifa wa gidan kowa ba. Har yau ba zan iya rantsuwa kan wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani shi ne, in Mama ta rasa gonar nan ba ta da abin da zai zaunar da ita a ƙauyen.

An taru ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gida na karanta wasiyyar. Ina karanta layi da Turanci, in fassara da Hausa don Mama ta ji. Da na zo kan gona sai maganar ta juye zuwa C'lela, aka bar ta tana kallon bakunan mutane. Kawu Babba ya bari aka lafa, sannan ya dawo Hausa don ta ji da kyau.

"Ɗan ƙanwata, wagga takarda taka, ta iya riƙon hauya?"

Aka yi dariya. Na ce, "Kawu, ba tawa ba ce, ta ƙanenka ce. Ni aike ne kawai."

"To, ɗan aike. Ni ya bar mini riga da marafan kwalba. In sa rigar in tafi yaƙi da wa? Da gara?"

Aka sake dariya, har da ni kaɗan, don ban san yadda zan yi da fuskata ba. Na ce ina roƙon kowa ya yi haƙuri, kada a taɓa komai, zan kai takardar kotu a Sakkwato a tabbatar da ita, in ta dawo da hatimi sai a bi abin da ta ce. Kawu Babba ya gyaɗa kai, ya ce madalla, ai shi mai bin doka ne. Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai, na ɗauka na yi dabara.

Makonnin da suka biyo baya na yi aikin iyakar yadda na fahimce shi. Na sayi sabon littafi na rubuta duk abin da ke gidan, har da cokula da fitilar ƙwai da ta fashe. Na ƙirga awaki, na sa aka leƙa rumbu aka gaya mini inda dawa ta tsaya, kuma ta yi ƙasa sosai, don masu zaman makoki sun ci, an kuma yi burkutun baƙi da ita. Na kulle akwatunan ƙarfen, na rataya makullan a wuyana cikin riga. Rediyo ma hana mahaifiyata ɗauka na yi. Ta dube ni ta ce, "Ƙanena ya ba ni, ɗana ya hana ni." Na ce ta jira hatimi. Na rubuta wa ofishin soja wasiƙa na sanar da rasuwar, na yi ta sau uku kafin na yarda da ita.

Tafiyar Sakkwato kwana biyu ta ci mini a bayan babbar mota. A ofishin na sami wani akawu dattijo mai tabarau, ya karɓi wasiyyar, ya ba ni takardun cikewa, ya ce akwai sanarwa da za a yi, akwai lokacin jira, in dawo bayan wata uku ko fiye. Na yi masa tambayoyi da yawa. Na tambayi irin tawadar da ake so, da ko a rubuta sunan mamaci da muƙaminsa na soja, da ko awaki suna shiga layin dabbobi ko na kayan gida. Abin da ya kamata in tambaya, wato me zan iya yi kafin takardar ta fito, bai zo mini ba. Ko kuma ya zo mini na ji kunyar a ga mai digiri bai sani ba. Na fi zaton na biyun ne.

Da na dawo, ranar wata Asabar na hau keke zuwa ƙauye. Ban sami Mama a gida ba, aka ce tana gona. Na iske ta ta gama shara, ta tattara karan bara da ƙaya ta ƙone, gonar ta yi fes tun daga bakin rafi har gindin dutse. Ni kuwa ban ce ta yi ba. Gabas ta yi duhu a ranar, iska tana kawo ƙanshin ruwan da ya sauka wani wuri.

"Ticha, ka dawo? Ina takarda?"

"Tana can, Mama. Sun ce wata uku."

Ta ajiye manjagara ta dube ni. "Wata uku. Ka ga sama?"

"Na gani."

"Ruwa zai zo cikin sati. Iri na nan, Saje da kansa ya zaɓi zangarniya, na rataye a madafa tun kaka. In ruwa ya sauka zan shuka."

Na shiga lissafi. Na riga na tsaya gaban dangi na ce kada kowa ya taɓa komai. In ta shuka, Kawu Babba zai ce ɓangarena ne ya fara karya magana. Kila ya kai ƙara, kila maganar ta isa Sakkwato, a ce wasiyyi ya raba dukiya kafin a ba shi izini, a soke komai, ta rasa gonar gaba ɗaya. Na taɓa karanta wani abu mai kama da haka, ko dai na ɗauka na karanta. Har na hango sunana a wata takarda ana cewa malamin makaranta ya yi wa dukiyar mamaci katsalandan.

Na ce, "Mama, ina ganin, don gudun matsala, gara a dakata tukuna."

"A dakata da me?"

"Da shukar. Ba hana ki na yi ba. Cewa nake kada mu ba su abin kamawa. In takarda ta zo, ba mai iya ɗaga ki."

"In takarda ta zo, me zan shuka? Takardar?"

"Akwai wake. Ana shuka wake a makare."

Ta yi wata 'yar dariya. "Kai da ba ka san bambancin dawa da ciyawa ba sai sun yi kai, yau kai ke koya mini wake." Ta ɗauki manjagararta. Sai kuma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Saje ya ce in ba ya nan in ji maganarka. Ya ce kai ka san doka. To na ji."

Wannan ita ce maganar da na fi so a ce ba ta faɗa ba. Da ta yi mini gardama, ta shuka abinta, ina jin da na yi 'yan ƙorafe-ƙorafe na bari.

Ruwan ya sauka ranar Laraba da la'asar, ina cikin aji. Ruwa ne sosai, irin wanda ke jiƙa ƙasa har tsawon hannu. Na tuna na tsaya bakin taga ina jin daɗin sanyin, ban yi tunanin komai ba. Sai Asabar na je ƙauye. Tun daga kan hanya na hango gonar, layi-layi na sawun sungumi, an bi da ƙafa an rufe. Na ji haushi, na ce a raina ashe ba ta ji maganata ba.

Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, ƙwaryar iri a gabanta, cike.

"Jiya da safe," in ji ta. "Gayya kawunka ya kira. Mutum ya fi ashirin. Kafin rana ta take sun gama. Sun ce in gode maka, shara ta yi kyau."

"Ba ki hana su ba?"

"Da wane baki? Ka ce kada a taɓa. Na gaya musu Ticha ya ce kada a taɓa. Suka amsa mini da yarenku."

Na tafi gidan Kawu Babba. Na same shi yana gyaran ƙotar hauya, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi mahaifiyata da makaranta, bai bar gaisuwa ko ɗaya ba. Da na samu na yi magana, na ce ai mun yi alkawari.

"Mun yi. Na taɓa rediyo? Na taɓa akuya?"

"Gona fa, Kawu?"

"Gona ban ɗauke ta ba, tana inda take, je ka duba. Ruwa ya sauka, ƙasar ubana na kwance ba iri, mutane na wucewa suna nuna ta da baki. Ita ba ta shuka ba. Na jira yini guda, ban ga kowa ba. In bar ta haka don ɗan boko na jiran hatimi?"

"Ni na ce ta dakata."

"To ka ga ni ban ce mata ba." Ya buga ƙotar a ƙasa ya duba ko ta zauna. "In takardarka ta zo, kawo mu gani. Ni mai bin doka ne."

Na je wurin mai gari. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi bai musa cewa Saje ne ya sare wurin ba, shi ya ba shi izini. Amma ya tuna mini abin da kowane yaro a ƙauyen ya sani, ni ma na sani, na manta ne ko na raina: a wurinmu in mutum ya zuba iri a gona, ko da rigima a kanta, ba a tone shukar, ba a kuma tashinsa sai ya girbe. Ya ce da matar ce ta riga zubawa, da haka zai gaya wa Kawu Babba, kuma da ba wanda ya isa ya taka mata shuka. Ya tambaye ni me ya hana ta, ga ta da iri, ga ta da shara. Na ce akwai dalilai na shari'a. Ya ce to.

Na nema mata aron wata gona, amma lokacin duk wuri mai kyau an shuke shi. Abin da aka samu wani tsandauri ne a gindin dutse, ta zuba wake, bai yi abin kirki ba. Kullum in za ta rafi sai ta bi ta gefen gonarta, tana ganin dawar wani tana tashi a inda ta share. Rumbu ya ƙare da wuri. Na kai mata buhun dawa daga kasuwar Zuru, ta karɓa ta yi godiya. Da na kai na biyu ta ce in mayar. Ta ce ba yunwa ce ta fi damunta ba. Matan da take zuwa gayya da su sun daina kiranta, don ba ta da gonar da za a rama mata aiki. Ta ce mace mai shuka a ƙasa 'yar gari ce, ita kuwa yanzu baƙuwa ce da ake ciyarwa, kuma ta taɓa yin irin wannan zaman sau ɗaya a rayuwarta, ba za ta sake ba. Ban tambaye ta yaushe ba.

Cikin marka aka aiko cewa takarda ta fito. Na sake yin kwana biyu a hanya, mota tana kafewa muna turawa. Akawun nan mai tabarau ya miƙo mini ita da jan hatiminta, ya tambaya ko komai lafiya a gida. Ban san abin da ya sa ba, na ba shi labarin duka. Ya cire tabarau ya goge.

"Malam, mi ya kai ka? Ai wasiyyi tun ranar da mai shi ya cika yake da iko, wasiyyar ita ta ba ka. Wagga takarda shaida ce kawai. Kula da gona kada ta lalace ai aikinka ne. Da ka sa ta shuka, ba mai ce maka komi."

Na ce na ɗauka sai an tabbatar.

"Da ka tambaya," in ji shi, ya mayar da tabarau, ya kira na bayana.

Ban sani ba ko duk abin da ya faɗa haka yake a kowace shari'a. Daga baya na duba littattafai, na ga kusan haka ne. Ban taɓa gaya wa Mama wannan maganar ba. Na ce wa kaina faɗar ba za ta amfane ta da komai ba, kuma kila gaskiya ne, amma ba don ita na yi shiru ba.

Na kai takardar ƙauye. Aka sake taruwa ƙarƙashin ɗorawa, na karanta, na nuna hatimin. Kawu Babba ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ce ta yi kyau, ya ce bayan girbi sai a zauna. Mai gari ya ce haka ne. Na buɗe akwatuna na ba shi kaki da lambobi, aka kai keke coci, mahaifiyata ta ɗauki rediyonta ta tafi. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a littafina.

Mama ba ta zo taron ba. Na same ta a ɗaki tana ɗaure kaya. Ta riga ta sayar da awakin. Wani ɗan ƙasarsu mai kantin yadi a Zuru ya samo mata wuri a motar da ke zuwa Kontagora, daga can ta nemi ta kudu. Na ce ta yi haƙuri wata uku kawai, da an girbe gonar tata ce, ga hatimi, ba mai musu.

"Wata uku kuma," in ji ta. "Ticha, kai ba ka gajiya da wata uku?"

"Wannan karon tabbas ne. Ina ganin tabbas ne."

"In ci me har wata kaka? Ka lissafa. In na shuka baɗi, sai baɗi da kaka zan ci. Kai za ka yi ta ɗauko mini buhu a keke kamar mai jinya?"

Na ce zan iya. Ta ce ta sani, shi ya sa za ta tafi.

Na tambaye ta ko akwai waɗanda za ta iske a can. Ta ce za ta gani in ta je. Daga nan na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa, ko da yake ban ga yadda zan kauce masa ba: na fito da littafin, na ce akwai layinta, ana buƙatar shaidar cewa na damƙa mata gida da gona. Ta dubi littafin, ta dube ni. Ta miƙo babban yatsa, na shafa masa tawada, ta danna a inda na nuna.

"Na karɓa," ta ce. "Aikinka ya cika?"

Na ce ya cika.

Na raka ta tasha ranar kasuwa. Ta ba ni makullin gidan da adireshin wani coci a garinsu, ta ce in an girbe in rubuto mata ko dawar ta yi kyau, don ƙasar wajen rafi tana son a yi mata maimai da wuri kuma ba ta jin sun sani. Motar ta tashi da rana tsaka, na koma makaranta don ina da aji.

Dawar ta yi kyau. Na rubuta mata haka, na kuma ce gonar tana jiranta. Na sake rubutawa da bazara. Ba amsa, kuma ba zan iya cewa wasiƙun sun isa ko ba su isa ba. Na yi tunanin in sa wani ya noma gonar da sunanta, na yi tunanin in nemi shawara a Sakkwato tukuna, ina cikin tunanin ruwa ya sauka. Kawu Babba ya kira gayya ya shuka. Da muka haɗu a coci ranar Lahadi ya tambaye ni ko akwai wata takarda, na ce babu.